Darasi Daga Tarihin Cocin Baptist: Jawabin Sakatare a Taronmu na Karshi

Iyayenmu, malamanmu da 'yan'uwa mazauna Karshi, yau za mu ɗauki darasi daga maƙwabtanmu 'yan cocin Baptist.

Wani Ba'amurke, Thomas Bowen, shi ya kawo wannan ɗarika ƙasar Yarbawa a 1850, ta yi ƙarfi a Ogbomoso. Daga can 'yan kasuwa da ma'aikata Yarbawa, baƙi irinmu, suka hauro da ita Kaduna, Jos da Sabon Garin Kano. Daga ɗakin wani sai rumfa, daga rumfa sai gini da makaranta. Al'adarsu ce kowane coci ya ajiye sakatare da littafi: sunayen mambobi, kuɗin baiko, shawarwarin taro, takardar fili.

To mu fa? Masallacinmu da Islamiyyarmu, takardunsu na hannun wa? "Mai unguwa ne ya ba mahaifinmu" ba hujja ba ce a nan. Tun Doka ta 6 ta 1976, filayen Birnin Tarayya na Gwamnatin Tarayya ne, kuma mun ga rusau ɗin 2003 zuwa 2007. Tsarin Mulkin 1999 ya ba mu 'yancin ibada a sashe na 38, da na mallakar gida ko'ina a Nijeriya a sashe na 43. Amma da takarda ake kare 'yanci.

Saboda haka mu zaɓi amintattu, mu yi rajista. Dattawa su ba da tarihi, 'yan ajin yaƙi da jahilci mu rubuta. Allah Ya zaunar da mu lafiya.