Gigin Tsufa a Karnuka: A Gwada Karen, a Daina Dogaro da Bakin Mai Shi

 

Abokan aikina likitocin dabbobi da ɗalibai, kowa a ɗakin nan ya san alamun gigin tsufa a kare: tsohon kare ya tsaya yana kallon bango, ya riƙa zagaye gida da tsakar dare, ya yi fitsari inda bai taɓa yi ba, wani lokaci ya kasa gane mai shi. Kun kuma san cewa furotin ɗin amiloyid da ke taruwa a ƙwaƙwalwar mai cutar Alzheimer yana taruwa a ta tsohon kare. Wannan ba ma jayayya a kai. Inda muka rabu da wasu abokan aikina, kuma mun daɗe da rabuwa, shi ne yadda ake auna abin.

Su takardar tambayoyi suke so. A miƙa wa mai kare, ya cika, a haɗa maki, a ce karen ya yi gigin tsufa. Hujjarsu yawan adadi, kuma suna da shi. Dog Aging Project na Amurka ya fitar da sakamako a 2022 kan karnuka 15,019, inda aka ce haɗarin kamuwa yana ƙaruwa da kashi 52 cikin ɗari duk shekara guda da kare ya ƙara, kuma karen da ba ya motsa jiki ya ninka mai kuzari haɗari fiye da sau shida. Jaridu suka ɗauka, aka ce yawo da kare maganin gigi ne. To wa ya ce rashin yawon ne ya kawo gigin? Karen da ƙwaƙwalwarsa ta fara rauni ai shi ne zai fara ƙin fita. Masu binciken da kansu sun faɗi haka, masu yaɗa labarin ne suka tsallake. Kuma duk waɗannan dubban, bakin masu karnukan aka ji. Gani ya kori ji.

Ga abin da nake kira gwaji. A Vienna ta Ostiriya, Lisa Wallis da abokan aikinta na Clever Dog Lab suka tara karnukan gida 95, duka jinsin Border Collie, daga ɗan wata 5 zuwa mai shekara 13. Sun zaɓi jinsi ɗaya da gangan, don kada bambancin jinsi ya shiga cikin bambancin shekaru. Aka koya wa karnukan taɓa allon kwamfuta da hanci: hotuna biyu su fito, in kare ya taɓa na daidai abinci ya faɗo, in ya taɓa ɗayan bai samu komai ba. Sakamakon ya fito a 2016, kuma ina roƙon ɗalibai su saurara da kyau, domin abu uku aka samu da ba su tafi hanya ɗaya ba. Wajen koyon sabon abu, tsofaffi sun fi jinkiri, sun fi nacewa kan kuskuren da suka riga suka yi. Wajen tunawa, an bar karnukan wata 6 aka dawo da su, tsoho da yaro kusan duk suka tuna hotunansu. Na ukun shi ne mai ban mamaki. Aka haɗa hoton da kare ya san ba ya kawo abinci da wani sabo da bai taɓa gani ba, don a ga ko zai gane cewa tunda wannan ba shi ba ne, sai dai wancan. A nan tsofaffi suka fi yara. Masu binciken suna ganin taurin kan nan ne ya taimake su, sun riƙe darasin farko gam har suka guje wa hoton banza.

Ku gaya mini wace takardar tambayoyi ce za ta raba waɗannan uku. Mai kare zai ce karensa ya tsufa, ya daina ganewa. Alhali abu ɗaya ya ragu, ɗaya yana nan, ɗaya ma ya ƙaru.

Za a ce mana allon kwamfuta da tsada, karnuka 95 kuma sun yi kaɗan. Na ji. Amma gwajin da ya fi saurin nuna tsufa kwano biyu kawai yake buƙata. A koya wa kare cewa abinci yana cikin na dama, in ya iya sai a mayar da shi na hagu, a ƙirga sau nawa zai koma na dama kafin ya haƙura. Norton Milgram da Elizabeth Head sun nuna tun shekarun 1990 a Toronto, da karnukan Beagle, cewa a wannan juyin ne tsofaffi ke tuntuɓe, kuma ƙungiyar Enikő Kubinyi a Budapest ta yi irinsa da karnukan gida.

Takarda na da amfaninta, na tace waɗanda za a duba. Da irin wannan takarda wani bincike na Jami'ar Sydney a 2010 ya ƙiyasta cewa kashi 14.2 na karnukan da suka haura shekara 8 suna da matsalar, amma kashi 1.9 kaɗai likita ya taɓa tabbatarwa. Iyakarta ke nan.

Abin da nake nema bai canza ba tun da na fara wannan magana. Kafin likita ya ambaci ƙwaƙwalwa, ya duba kunne, ya duba ido, ya taɓa gaɓoɓi, domin kurma ba ya amsa kira, mai yanar ido yana karo da ƙofa, mai amosanin gaɓɓai ba ya son tashi, kuma duk ukun maki suke samu a takarda. Sannan a riƙa gwada kare ɗaya shekara bayan shekara, a kwatanta shi da kansa. A nan gida kuwa aikin ya fi wannan sauƙi kuma ya fi gaggawa: karnukan gadi da na farauta da ake kawo mana, yawanci shekarunsu ƙiyasi ne daga haƙora. Duk asibitin dabbobi ya fara rubuta watan haihuwar ɗan kwikwiyo ranar da aka kawo shi allurar rigakafin haukan kare, ya kuma ajiye katin inda za a same shi bayan shekara goma.