Mai Gadin Iyaka da Ɗan Kasuwa: Jawabin Ranar Zagayowar Kafa Ƙungiya

 

An ce in yi magana kan masu tsaron iyaka. Na karɓa, domin duk wanda ke nan abincinsa yana bi ta kan gadar da ke tsakaninmu da Matamma. Ranar da aka rufe ta, albasa ta ruɓe a mota, bun ya kwana a wancan ƙetare, mai dako ya koma gida hannu rabbana.

Garin nan ya daɗe da sanin soja. Takari, mutanen yamma masu bin hanyar Makka, su suka raya kasuwar Gallabat. A nan aka kashe Sarkin Habasha Yohannis na huɗu a yaƙinsa da Ansaru, a Maris na 1889. Yarjejeniyar 1902 ta shata iyaka, a 1925 kuma Turawan Ingila suka kafa rundunar tsaron Sudan, wani ɓangarenta yana zaune a Gadarif. A 1940 sojan Italiya suka mamaye garin, aka gwabza a kansa a watan Nuwamba.

Amma rundunar da ake kira Haras al-Hudud, wato masu gadin iyaka, asalinta daban ne. A 2003 aka kafa ta a Darfur, ƙarƙashin leƙen asirin soja. Mayaƙan ƙabilu aka ɗebo aka ba su albashi da bindiga, Musa Hilal na cikin manyansu. Sunanta gadin iyaka, aikinta yaƙin cikin gida. A 2013 aka ciro wasu daga cikinsu aka kafa Da'am Sari' a hannun Hamidti, har aka tura su tsaron iyakar Libiya. Da gwamnati ta nemi haɗe ragowar da Da'am Sari' a 2017, Musa Hilal ya ƙi, aka kama shi a Nuwamba.

Sauran labarin a jikinmu muka ji shi. Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum, muka ga iyalai suna kwana a bakin gada da jakunkunansu. A Disamba Madani ta faɗi, hanyar kayanmu ta yanke. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi.

Kada wani ya ce ina ƙin mai tsaro. Manomin Fashaga da 'yan shifta suka kwashe wa riɗi ya san amfaninsa. Mu ma mun gani a Satumba 2024, da mayaƙan Fano suka shiga Matamma aka rufe iyaka, kasuwa ta yi tsit. Muna bukatar mai gadi. Sai dai mai gadin da ke amsa wa doka, wanda albashinsa ke fitowa daga baitulmali, wanda in ya zalunce ka akwai ofishin da za ka kai ƙara. Wanda ke amsa wa mutum ɗaya ko ƙabila ɗaya, yau zai tsare ka, gobe ya kafa maka shinge.

Saboda haka ina roƙonku abu uku. Kuɗin jamarik mu biya shi a taga, mu karɓi rasit. Abin da aka miƙa ta ƙarƙashin buhu shi ke ciyar da shinge. Na biyu, kada motar ɗan ƙungiya ta ɗauki makami ko ta yi hayar 'yan bindiga, kome tsadar kayan. Na uku, wanda aka tare ya kawo wa kwamiti rana da wuri da abin da aka karɓa, mu kai ƙara da sunan ƙungiya, kamar yadda muke zama da abokan cinikinmu na Matamma in rikici ya taso.

Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya sa albarka a fatauci. Wassalamu alaikum.