Jawabi ga uwayen da ɗiyansu ke Amurka

 

Yau maganarmu ta shafi ɗiyanmu da ke Amurka, musamman birnin Niyok da garin Greensboro, inda 'yan Nijar ke da yawa. Wasu sun tafi da bak a hannu, amma sun tsaya ga tuƙin taksi ko tsaron shago, don an ce musu karatun can sai ɗan mai kuɗi.

To, akwai wata irin lakkol da ake ce ma kwalejin al'umma. Karatunta shekara 2 ne. Ta fi iniwarsite arha ƙwarai. Galibi babu gasar shiga, wanda ya ƙare lise ana ɗaukar shi. Akwai darasin dare don masu aikin rana. Unguwar Bronx ta Niyok tana da irinta tun 1957.

A cikin lakkol ɗin akwai biron mai ba da shawara ga masu son shiga. Ganin shi kyauta ne. Ku ce ma ɗiyanku su nemi rana su zauna da shi tun ba su biya ko dala ba.

Zai nemi takardar bak da ta makin lise, a fassare cikin Ingilishi. Nan aikinku yake, ku uwaye. Sau da yawa takardun suna nan gida cikin akwati, gara tana cin su. A fiddo su, a aika.

Yaro kada ya ji kunyar tambayar kuɗi. Mazaunin jihar yana biyan ƙasa da abin da baƙo ke biya. Mai katin zama na dindindin yana iya neman agajin gwamnati da takardar da ake kira FAFSA. Wanda ya shiga da bizar ɗalibi ba shi da wannan agajin.

Za a gwada Ingilishinsa. In da rauni, sai ya fara da darasin harshe.

Ga tambayar da aka fi mantawa, alhali ita ce babba: in na ƙare shekara 2 ina son in wuce iniwarsite, waɗanne darussa za ta karɓa? Ba duka ake ƙidayawa ba. Wani ya biya darasi, ya ci jarrabawa, ya je gaba a ce ya sake shi. Don haka yaro ya faɗi sana'ar da yake nufi tun zaman farko, ko aikin likita, ko lantarki, ko lissafin kuɗi, ya roƙi a rubuta mishi jerin darussan a takarda, ya adana ta.