Baƙin Hunturu a Fadamar Rima: Jawabi a Kan Ɗaukar Hoton Agwagin Daji



An ba ni 'yan mintoci in yi magana a kan ɗaukar hoton agwagin daji, kuma na san a cikinku akwai mai cewa a ransa, ina ruwan ɗalibin jami'a da agwagwa, ga jarrabawa a gaba? To, ina roƙon a ba ni aron kunne, domin maganar ta shafi ƙasar da muke takawa kullum in za mu shiga makaranta.

Bari in fara da wurin da waɗannan tsuntsaye suke fitowa. A can ƙuryar arewacin duniya, a bakin tekun ƙanƙara na ƙasar Rasha da Saiberiya, akwai wani shimfiɗaɗɗen fili da ake kira tundura. Itace ba ya tsiro a wurin, saboda ƙarƙashin ƙasar a daskare yake shekara da shekaru, samanta kaɗai ke narkewa na wata biyu ko uku. In ya narke ruwan ba ya samun hanyar nutsewa, sai ya kwanta ya zama dubban tafkuna da kududdufai, sauro da ƙwari su yi ta ƙyanƙyashewa, rana kuma ta yi makonni ba ta faɗi ba. A wannan ɗan taƙin ne wata agwagwa mai dogon wuya da tsinin wutsiya take yin sheƙa a ƙasa, ta tsige gashin ƙirjinta ta shimfiɗa, ta saka ƙwai bakwai zuwa tara, ta kwanta a kansu kwana ashirin da 'yan kai. Masu ɗaukar hoto na Turai da Amurka sukan kashe dukiya mai yawa su je can, su kwanta rub da ciki a cikin taɓo mai sanyi, don su sami hotonta guda ɗaya mai kyau.

Mu kuwa Allah ya hutar da mu wannan wahala, domin da zarar sanyi ya rufe tafkunan nan sai ta kamo hanya, ta yi tafiyar da ta wuce kilomita 6,000, ta ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara, ta sauka a fadamun ƙasashenmu: bakin kogin Sanagal, da fadamar kogin Neja a Mali, da tafkin Chadi, da dausayin Haɗeja da Nguru, da kuma fadamar Rima da ta Sakkwato. Tare da ita akwai wata 'yar ƙaramar agwagwa wadda nauyinta bai kai rabin kilo ba, mai haihuwa a fadamun Turai da yammacin Saiberiya, wadda namijinta ke da farin zane a kan ido kamar an ja masa gira da alli. Sukan fara isowa da kaka, wajen watan Oktoba, su yi hunturu da mu, su juya a watan Maris. Watau kusan rabin shekara suna hannunmu.

Turawa kansu sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu suke zuwa ba. A shekarar 1822 aka harbo wata farar shamuwa a arewacin Jamus, sai ga mashin Afirka soke a wuyanta, ta tashi da shi tun daga nan har can. Daga baya, a 1899, wani malamin makaranta ɗan ƙasar Danmak mai suna Mortensen ya ƙago sa wa tsuntsu zobe mai lamba a ƙafa, ta haka aka riƙa gane hanyoyinsu. Abin lura a nan shi ne, ilmin nan duk ya ginu ne a kan shaida, watau abu kaza aka gani, a wuri kaza, ran kaza. Hoto ma irin wannan shaida ce, gani kuwa ya kori ji.

To, mece ce buƙatarmu da shaida? Ku tambayi dattawan Kwalkwalawa ko Dundaye yadda fadama take a zamanin ƙuruciyarsu, za su ba ku labarin ambaliyar da kan kwanta wata da watanni, da kifi, da shinkafa, da garken tsuntsaye. Sai aka yi farin da ya addabi ƙasashen bakin hamada daga 1968 zuwa 1974, aka sake wani a 1983 da 1984. A 1978 aka gama madatsar Bakolori a kan kogin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, a 1984 kuma aka gama ta Goronyo a kan kogin Rima. Madatsun nan sun kawo ruwan sha da noman rani, amma kuma sun rage ruwan da ke malala a fadamun da ke ƙasa da su, manoman shinkafa da masunta su ne suka fara ji a jikinsu. Agwagwar daji tana buƙatar abin da shinkafar fadama da kifi suke buƙata, watau ruwa marar zurfi mai faɗi, wanda ke janyewa sannu a hankali. Saboda haka yawanta ko ƙarancinta ma'auni ne na lafiyar fadama. Da a ce akwai wanda ya tsaya a wuri guda kowace Janairu tun da aka buɗe jami'ar nan a 1975, ya ɗauki hoto ya rubuta kwanan wata, da yau muna da hujjar da ba mai iya musunta ta a gaban kowace hukuma. Abin da ya wuce ya wuce, amma shekara hamsin masu zuwa suna hannunmu.

Yanzu sai yadda ake yin aikin. Na farko, a san tsuntsun. Ba kowace agwagwar ruwa ce baƙuwa ba. Kirinjijiya, mai farar fuska da kuka kamar fito sau uku, 'yar gida ce, haka dinya mai ƙaya a fiffike, da dani wanda namijinsa ke da tozo a kan baki. Baƙin kuwa da farkon zuwansu launinsu a dushe yake, maza da mata sun yi kama. Ƙaramar nan ba ta fito da farar girarta sosai sai wajen Fabrairu, don haka mai son hoton ado sai ya jira ƙarshen hunturu.

Na biyu, a san lokaci. A isa bakin ruwa bayan sallar asuba, kafin gari ya waye, a zauna rana tana bayan mutum. Hasken hantsi da na la'asar sakaliya shi ne ke fito da launin gashi. Hazon hunturu yana dusar da abin da ke nesa, amma yana tausasa haske a kan abin da ke kusa, sai dai a kiyaye ƙura, a nannaɗe kyamara da ƙyalle, kada a sauya gilashinta a fili.

Na uku, a koyi dabarar maharba. Kakanninmu sukan ɗaura kan burtu a goshi su yi rarrafe har su kusanci namun daji, domin sun gane dabba tsayuwar mutum take tsoro. A sa tufa mai launin ƙasa, a kafa 'yar zana ko karan dawa tun jiya don tsuntsaye su saba da ita, a zauna ƙasa-ƙasa yadda idon kyamara zai yi daidai da idon agwagwa. Mai babbar kyamara ya nemi gilashi mai milimita 300 ko 400, in kuma a sama yake son kama ta, ya sa saurin ƙiftawa ya kai kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa. Wanda waya kaɗai gare shi kada ya karaya: ya ɗora idonta a kan bakin tabarau mai hangen nesa, ko ya ɗauki faɗin tafkin gaba ɗaya, domin hoton da za a iya ƙirga garke a cikinsa ya fi amfani ga masu bincike a kan hoton ado.

Na huɗu, ladabi. Akwai masu jifa ko tafi don garke ya tashi su sami hoton fiffike. Wannan zalunci ne. Kitsen da tsuntsun nan yake tarawa a fadamarmu shi ne guzurinsa na ƙetare hamada mai faɗin kusan kilomita 2,000, duk tashin banza kuwa ragi ne a guzurin. Kada a taɓa mataccen tsuntsu, domin mun tuna murar tsuntsaye da ta ɓulla a ƙasar nan a Fabrairun 2006. A ɗauki hotonsa daga nesa a sanar da ma'aikatan dabbobi. In an ga zobe a ƙafa, a yi ƙoƙari lambar ta fito. A gai da mai gari da sarkin ruwa, a nemi izinin mai gona, kada a taka albasa ko shinkafar bayin Allah. Kuma kada mutum ya tafi shi kaɗai, ko ya nufi inda mutanen wurin suka ce hanya ba lafiya.

Na biyar, wanda ya fi duka, a rubuta. Sunan wuri, kwanan wata, ƙarfe nawa, tsuntsu nawa, ruwa ya kai ina. Hoton da ba kwanan wata kamar wasiƙa ce ba adireshi. Tun 1967 ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da yawa kowace Janairu, cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis da ke Jos kuma tana tattara irin waɗannan bayanai daga ko'ina a Nijeriya. Yarjejeniyar kare dausayi da aka ƙulla a garin Ramsar na Iran a 1971, wadda ta fara aiki a ƙasarmu a 2001, da tafkin Nguru aka buɗe ta a nan, kuma ƙidayar shekara da shekaru na cikin abin da ya ɗaga sunan wurin.

'Yan'uwa, a cikinku akwai waɗanda gobe za su zauna a ma'aikatar gona ko ta ruwa, su sa hannu a takardar da za ta ce a saki ruwa ko a tare shi. Ina fata ranar nan za ku tarar da hotuna a cikin fayil, masu kwanan wata, waɗanda ɗaliban jami'ar nan suka ɗauka. Shawarata ita ce ƙungiyarmu ta zaɓi wurare uku a bakin Rima, ta ware Asabar ɗin tsakiyar Janairu, ta ajiye kundi a ɗakin karatu, kowane aji mai fita ya miƙa wa na bayansa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai baƙinmu gida lafiya.