Labarin Lafiya a Tafin Hannu

A kasuwar Habbena da ke birnin Njamena, mai sayar da tumatir kan ciro wayarta tsakanin ciniki da ciniki, ta tarar da saƙonnin WhatsApp sun yi cunkus: wannan muryar wani ce mai tallar maganin ciwon suga, wancan bidiyo ne na gargaɗi kan allurar yara, ba sunan likita, ba kwanan wata.

Tun da korona ta shigo Chadi a watan Maris na 2020 irin waɗannan saƙonni suka ƙaru, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki ambaliyar labarai a matsayin matsalar lafiya mai zaman kanta.

Abin ya shafi rayuka. A watan Oktoban 2024 Chadi ta fara yi wa ƙananan yara rigakafin zazzaɓin cizon sauro, kuma jita-jita guda na iya hana uwa kai ɗanta.

Masu lura suna taƙaita kafofinsu ga sanarwar Ma'aikatar Lafiya da gidan rediyon da suka amince da shi, su duba ranar da aka fitar da labari, su ware lokaci guda na karatu. Abin da ya shige musu duhu kuwa, sukan kai wa ma'aikacin jinya a asibitin unguwa kafin su tura wa kowa.