Hannun Basamariye



Yau za mu yi tunani a kan labarin da ke cikin Luka sura 10, na mutumin da 'yan fashi suka ji wa rauni a hanyar Urushalima zuwa Yariko. Firist ya gan shi, ya ratse. Balawe ma haka. Basamariye ne ya tsaya. Ku lura da abin da hannunsa ya yi: ya yi wa raunukan magani da abin da ke wurinsa, ya ɗaure su, ya kai mutumin masauki. Matafiyi ne kawai, amma ya san abin yi.

To, mu fa? Idan dattijo ya yanke jiki ya faɗi ana tsakiyar sujada, me mukan yi? Wasu su yi kururuwa, wasu su ɗura masa ruwa a baki, abin da kan iya shaƙe shi. Alhali idan zuciya ta tsaya, ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6. Kafin a nemo mota, lokaci ya ƙure.

Ɗan'uwa, ga abin yi. Ka taɓa kafaɗarsa, ka kira shi da ƙarfi. In bai amsa ba, kuma ba ya numfashi sosai, ka sa wani ya nemi taimako. A Nijeriya lambar gaggawa 112 ce. Ka kwantar da shi rigingine a ƙasa, ka ɗora hannu bisa hannu a tsakiyar ƙirjinsa, ka riƙa dannawa zurfin santimita 5, sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya. Wanda ya sami horo yakan hura masa numfashi sau 2 bayan kowane danni 30. Kada ka daina sai ya farfaɗo ko masu taimako sun karɓe ka. Wannan ita ce CPR, wadda masana a Amurka suka bayyana a shekarar 1960.

In yana numfashi, ka juya shi ya kwanta a gefe. In jini ke zuba, ka danne wurin da ƙyalle mai tsabta. In ƙuna ce, ka yi ta zuba ruwan sanyi har minti 20, ban da manja.

Amma ji a rediyo bai isa ba, sai hannu ya gwada. Ƙungiyar Red Cross tana koyar da taimakon farko. Ku roƙi fasto da dattawan ikkilisiya su gayyato masu koyarwa, domin Zumuntar Mata, da matasa, da malaman makarantar Lahadi su koya. Rai na Allah ne, amma sau da yawa ta hannun maƙwabci yakan kiyaye shi.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka ba mu zuciyar tausayi, ka kuma koya wa hannuwanmu aiki, domin kada mu ratse ɗan'uwanmu a ranar bukatarsa. Cikin sunan Yesu, amin.