JAWABIN MARABA GA 'YA'YANMU DA SUKA SAMU GURBIN KARATUN KIMIYYAR KWAMFUTA



Mai girma shugaban taro, iyayenmu hakimai da dagatai na ƙasar Birnin Kudu da ta Gwaram, malamanmu, shugabannin wannan ƙungiya tamu, 'yan'uwa maza da mata da suka baro Kano da Kaduna da Abuja da Legas domin halartar taron bana, da kuma ku 'ya'yanmu sababbin ɗalibai, muna yi wa kowa barka da zuwa.

Da kwamitin ilimi ya aiko cewa mu ne za mu yi wa yaran da suka samu gurbi a sashen kimiyyar kwamfuta jawabi, sai da muka yi murmushi. Mu mutanen alli ne da baƙin allo. An kwashe mu zuwa kwalejin horon malamai a zamanin shirin ilimin firamare kyauta na 1976, na'urar da muka saba da ita kuwa ita ce tafireta da injin gurza takardun jarrabawa. Amma shekaru 35 muka yi muna karɓar sababbin yara a bakin ƙofar makaranta, saboda haka mun san inda baƙo yakan yi tuntuɓe. Abin da ya shafi sashen kansa kuma, mun zauna da tsofaffin ɗalibanmu da suka gama wannan karatu, muka koma 'yan makaranta a gabansu.

Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, ranar 27 ga Agusta 1991, babu jami'a ko ɗaya a cikinta. Ɗan Kantoga ko ɗan Basirka da ke son digiri sai ya nufi Jami'ar Bayero a Kano ko Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. A zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki aka kafa cibiyar koyon fasahar kwamfuta a Kazaure. A 2011 aka buɗe Jami'ar Tarayya ta Dutse, a 2013 kuma jiha ta kafa tata a Kafin Hausa, wadda yau take ɗauke da sunan Sule Lamido, ɗan Bamaina. Yanzu yaro yana iya karya kumallo a Birnin Kudu, ya shiga mota, ya isa Dutse kafin rana ta yi zafi. To amma kusancin hanya bai rage wa karatun nauyi ba ko kaɗan.

Abu na farko da muke so mu gyara shi ne fahimtar da mu iyaye muka yi wa wannan fanni. Wani dattijo ya taɓa ce mana ɗansa ya tafi jami'a koyon buga takardu, in ya gama zai buɗe masa shagon hoton takardu a bakin tasha. Ba mu raina sana'ar ba, tana ciyar da gidaje. Amma ana koyonta cikin wata uku, ba a buƙatar shekara huɗu. Kimiyyar kwamfuta ilimi ne na tsara hanyar warware matsala daki-daki, ta yadda na'urar da ba ta da hankali ko ƙwaya ɗaya za ta bi ta kai ga amsa. Muna kiranta na'ura mai ƙwaƙwalwa, alhali ƙwaƙwalwar tana kan wanda ya rubuta mata umarni.

Bari mu kawo misali daga aikinmu na da. A ce an ba ka rajista mai sunayen yara 1,000, an jera su bisa haruffa, aka ce ka nemo suna ɗaya. Mai gaggawa zai fara daga shafin farko yana bi da yatsa, wataƙila sai ya duba suna ɗari tara kafin ya dace. Mai dabara zai buɗe tsakiya, ya ga ko sunan yana gaba ko baya, ya watsar da rabi, ya sake buɗe tsakiyar abin da ya rage. Da wannan dabara ba zai wuce dubawa 10 ba. Ko da sunayen sun kai miliyan ɗaya, dubawa 20 ta ishe shi. Gano irin wannan hanya, da tabbatar da cewa ba ta kuskure, da auna saurinta, shi ne zuciyar karatun da za ku yi. Turawa suna kiran irin wannan tsari algoridim, kalmar kuwa ta samo asali ne daga sunan Muhammad bin Musa al-Khawarizmi, malamin lissafi da ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 9, wanda babban ɓangare na littafinsa na aljabra ya ƙare a kan lissafin wasiyya da rabon gado. A nan ƙasar Hausa ma, Muhammad bin Muhammad al-Katsinawi ya yi rubutu a kan lissafin hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Saboda haka kada ɗayanku ya shiga aji yana jin kansa bare.

Tunda tushen abin lissafi ne, to ku shirya wa lissafi. A shekarar farko, wadda ake kira aji 100, za ku tarar da aljabra da kalkulas da fizis da ƙididdiga da Turanci sun cinye mafi yawan jadawalinku, darasin kwamfuta kansa ɗan kaɗan ne. Yara da yawa sukan ji kamar an yaudare su. Ba a yaudare ku ba, harsashi ake haƙawa. Daga nan za a shiga rubuta manhaja da harsunan da na'ura take ganewa, irin su Python da Java, sai tsarin adana bayanai, da yadda kwamfutoci suke magana da junansu. A tsakiyar karatun akwai watannin koyon aiki a ma'aikatu, wato shirin SIWES, a shekarar ƙarshe kuma kowa zai yi nasa aikin bincike ya kare shi a gaban malamai. Har ila yau, sabon manhajin da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ya rarraba fannin zuwa rassa, kamar tsaron intanet da injiniyancin manhaja da kimiyyar bayanai. Kowa ya duba takardar shigarsa da kyau ya san reshen da aka ba shi.

Akwai kuma lissafin da ba a rubuta shi a jadawali ba, wato na matsakaicin maki. A mafi yawan jami'o'inmu, wanda ya ci 70 zuwa sama yana da maki 5, wanda ya ci 60 zuwa 69 yana da 4, haka abin yake sauka. Ana tara wannan tun daga zangon farko har ranar fita, digiri mai daraja ta ɗaya kuwa yana farawa ne daga 4.50. Ma'ana, abin da kuka yi wasa da shi a watanni huɗun farko zai bi ku har aji 400. Ba kamar firamare ba ne, inda hedimasta yake share allo kowace shekara.

A nan za mu ɗan tsaya, domin akwai abin da yake ci mana tuwo a ƙwarya. Shekarun baya muna da wani yaro, ɗan wani ƙauye a ƙasar Gwaram, wanda bai taɓa sauka daga na ɗaya ba a hannunmu. Ya samu gurbi a wata jami'a, gari ya yi murna, aka haɗa masa kuɗin mota. Ashe ranar da ya zauna jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 a kan kwamfuta ake yinta, ita ce rana ta biyu da ya taɓa sa hannu a kan na'urar. Da ya shiga ɗakin gwaji ya ga 'yan birni suna bugawa ba tare da kallon yatsunsu ba, sai kunya ta kama shi. Ya koma kujerar baya, ya daina tambaya, daga baya ya daina zuwa. Shekara biyu yana dawowa hutu yana cewa lafiya lau, har ranar da takardar sallama ta iso. Da muka tambaye shi dalilin da ya sa bai faɗa wa kowa ba, sai ya ce wa zai faɗa wa. Wannan amsa har yau tana damunmu, domin a garin da jami'ar take muna da 'yan ƙungiya fiye da goma, babu wanda ya san yaron yana nan. Laifin namu ne kafin ya zama nasa.

Saboda haka, 'ya'yanmu, saurin yatsa ba ilimi ba ne, sati shida na naci ya isa ku kamo shi. Ku zauna a layin gaba. Ku nemi malamin da aka ɗora wa kula da ajinku tun makon farko, kada ku yi rajistar darussa sai ya duba ya sa hannu. Rubuta manhaja kamar koyon keke ne, ba a iya shi da kallo. Wanda bai zauna ya rubuta da kansa ya yi kuskure ya gyara ba, ko ya haddace littafi ba zai iya ba. Tun ƙarshen 2022 da ChatGPT ya fito, ana iya sa na'ura ta rubuta wa ɗalibi aikin gida cikin minti ɗaya. Ku yi amfani da ita ta yi muku bayanin abin da ya shige muku duhu, amma ranar jarrabawa daga ku sai biro. Ku 'yan mata kuma, kada wani ya ce muku wannan fagen maza ne. A duk shekarun da muka yi muna jan jar biro, ba mu ga lissafi ya tambayi ɗankwali ko hula ba.

Gargaɗi ɗaya, a taƙaice. Za ku haɗu da masu nuna muku hanyar kuɗin dare ɗaya ta damfara a intanet. Akwai dokar laifuffukan intanet ta 2015, akwai hukumar EFCC, akwai kuma sunan gidanku, wanda kowa ya san shi daga Sundimina har Sara.

Yanzu sai mu juyo gare ku, 'yan'uwa mazauna birane. Ɗalibin wannan sashe da ba shi da kwamfutar tafi-da-gidanka kamar manomi ne da ba shi da fartanya. Ɗakin gwajin jami'a yana da lokacin rufewa, ga yawan ɗalibai, ga matsalar wuta. Bashin karatu na NELFUND da aka fara bayarwa a 2024 ya rage wa wasu nauyin kuɗin rajista, amma bai sayi na'ura ba. A ofisoshinku da gidajenku akwai tsofaffin kwamfutoci da aka jingine saboda batiri ko madannai; ba sai sabuwa ba, wadda za ta kunnu ta isa ɗan aji 100. Na biyu, idan lokacin koyon aiki ya zo, yaranmu sukan yi ta yawo da takarda ofis-ofis, ƙarshe su ƙare a shagon da ba abin da za su koya sai aike. Wanda yake aiki a banki ko kamfanin sadarwa ko asibiti ko wata hukuma, ya buɗe wa yaro ɗaya ƙofa. Na uku shi ne mafi arha: a kowane garin da ke da jami'a, a samu mutum ɗaya da zai riƙa kiran yaranmu sau ɗaya a wata, ya nemi ganin sakamako da idonsa, kada ya tsaya a kan lafiya lau.

Aikin da ke jiran waɗannan yara a gida ba kaɗan ba ne. Manomin riɗi yana sayar da buhunsa a kasuwar Sara ba tare da sanin farashin Dawanau na ranar ba. Makarantunmu na firamare har yau da hannu ake haɗa sakamako. Zanen da ke jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa, wanda masana suka fara rubutu a kansa tun shekarun 1950, yana buƙatar wanda zai adana hotonsa da tarihinsa yadda duniya za ta gani. Ita kanta Hausa, tun 2013 Google ya sa ta cikin harsunan da yake fassarawa, amma duk wanda ya gwada ya san na'urar takan yi tuntuɓe da karin magana, wani lokaci ta kasa raba ƙasa da kasa idan ba a sa wa harafin lanƙwasa ba. Wanda ya sha Hausa a nono ne zai gyara wannan.

Mun roƙi sakataren kwamitin ilimi ya ajiye littafi biyu a bakin ƙofa. Na ɗaya na ɗalibai ne, kowa ya rubuta sunansa da jami'arsa da reshensa. Na biyu na manya ne, kowa ya rubuta garin da yake zaune da abin da zai iya ɗauka cikin ukun nan da muka ambata. Wanda bai samu halartar taro ba, ya ga wannan jawabi a mujalla, sai ya tuntuɓi shugaban reshen garin da yake. A taron baɗi, in Allah ya kai mu, sakatare zai karanta littafin biyu a gaban kowa.

Allah ya ba yaranmu sa'a, ya mai da kowa gidansa lafiya.